Yarinya ta Tara

Hawa uku na bene matar ta sauko a guje tana ƙwala wa 'yarta kira, kafin ta hango takalmanta a ƙofar wata tsohuwar Ba'indiya, maƙwabciyarsu.

Ta banka ƙofar. Yara mata tara a jere, tata a ƙarshe, tsohuwar ta durƙusa tana wanke mata ƙafafu.

"Yau bikin Uwar da muke bauta wa ke cika kwana tara," in ji tsohuwar. "Kowace yarinya siffarta ce. Takwas kaɗai na samu a nan unguwar Panyu."

"Mu Allah kaɗai muke bauta wa!" Mahaifiyar ta fizge 'yarta.

A matakala yarinyar ta yi ta waiwaye.

"Mama, ita fa da ta taɓa ni, ba ta goge hannunta ba kamar yadda mutanen garin nan suke yi."