Tabarmar Gidan Marwa

Kwali ɗaya ne ya rage a bayan babur ɗin Datti, ƙauye ɗaya kuma ya rage masa. A daminar 2004 ne, lokacin da amai da gudawa ya ɓarke tsakanin Kura da Bunkure. Ƙungiyar tallafa wa jama'a da yake wa aiki ta tura shi rabon maganin tsabtace ruwa, ya kuma koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ƙauyen da ya rage shi ne Gidan Marwa, 'yar ungar Maguzawa da ke can inda ruwan madatsa yake ƙarewa.

A bakin gada ya ci karo da abokinsa Uba.

"Ina zuwa cikin wannan taɓo?" in ji Uba. "Mutanen nan ba jin magana suke ba, da saiwoyinsu suka saba. Kawo wa namu mana."

Datti ya dubi hanyar, ya dubi farin wandonsa. Ya juya, ya sauke kwalin a unguwar su Uba, wadda ta riga ta samu nata tun jiya.

Bayan sati biyu, ranar kasuwar Bunkure, wani tsoho ya tare shi, ya gaishe shi da ladabi.

"Malam, kai ne mai maganin ruwa? Ni ne Marwa. Ran nan mun jiyo kukan babur ɗinka. Muka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, mata suka taru, har rana ta faɗi."

Tsohon ya ci gaba da cewa:

"Muka ce ko babur ɗin ne ya lalace. To, cutar ta shigo mana. Luba, matar ɗana, tagwayenta duka sun tafi, kwana ɗaya tsakani." Tsohon ya gyara sandarsa. "In Allah ya sake kawo ka, ka leƙo mu. Akwai sauran yara."

Da zaginsa ya yi, da Datti ya fi samun sauƙi. Washegari ya ratsa taɓon nan da kwali uku. Luba ta karɓi nata da hannu biyu, ta yi godiya, idonta a ƙasa. Har ya bar aikin, bai taɓa iya gaya mata cewa lafiyar babur ɗinsa ƙalau ba.

Jama'a, duk wanda aka ɗora wa amanar mutane ba shi da "namu" da "nasu". Wanda ya fi nisa da hanya, shi ya fi cancanta a fara isa gare shi.