Kyamarar Ɗakin 'Yata

Bidiyo na gaba yana buɗewa, na matso kusa da allon.

Aikina ke nan, tace bidiyoyin da ake watsawa kai tsaye daga ko'ina a duniya, in rufe munanan. Amma wannan labulen na san shi. Gadon jaririyata ne ake nunawa, ta kyamarar da mijina ya aiko daga ƙasar da yake aiki don ya riƙa ganin 'yarsa.

Wani ƙato ya sunkuya a kanta.

Na kira ƙanwata mai renonta a waya.

"Akwai mutum a ɗakin! Ɗauke ta ki gudu!"

Ta fashe da dariya. "Haba Yaya, kin ɓata mana shiri! Angonki ne ya dawo, ya ce kar a gaya miki."

A allon, mijina ya ɗago fuska da murmushin nan da nake kewa. Hawayen daɗi suka zubo mini.

Sai idona ya sauka ƙasan allon. Dubban mutane ke kallo. Wani ya rubuta:

"Ku jira maman, da yamma take dawowa. Kullum ina kallonta."