Ƙyallen Rigar Salma

Kubra tela ce a unguwar Kwararafa da ke Jos, kuma a zauren gidansu take ɗinki. Kullum takan share guntayen ƙyallaye da ledoji da sharar tsakar gida, ta cusa a buhu ta jingine a bayan ƙofa. Ba ta kai su bola. Jira take hadari ya haɗu.

Da ruwa ya kece, sai ta yafa tsohon zane a ka, ta jawo buhunan zuwa bakin lambatu ta zazzage. Rabin matan layin haka suke yi, har suna gaisawa a cikin ruwan suna dariya. Kubra takan ɗan tsaya ta ga sharar ta bi gangare, ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya wanke mana gari."

A ƙasan layin akwai wani ƙaramin kwalbati. Ta kansa yara suke tsallakawa zuwa Islamiyya, har da Salma, 'yar Kubra ɗaya tilo mai shekara shida. Daf da kwalbatin gidan Mama Loyis yake, wata dattijuwa mai sayar da kabeji da karas.

Wata safiya Mama Loyis ta hauro da roba cike da jiƙaƙƙun tsummoki, ta dire a gaban keken ɗinki.

"Maman Salma, sannu da aiki. Kayanki na kawo miki."

Kubra ta yi dariya. "Kai Mama, ke da tsokana! Ni kaɗai ce tela a Jos?"

"Wannan shuɗin fa? Ba shi kika ɗinka mini na zuwa coci ba?" Dattijuwar ta ɗaga ƙyallen yana ɗiga. "'Yata, ruwa ba ya cin leda, ba ya cin tsumma. A bakin kwalbati yake ajiye su. Jiya har ƙofar ɗakina ya zo."

"Yi haƙuri Mama, bolar ce da nisa. In sha Allahu na daina."

Mama Loyis ta miƙa wa Salma karas guda, ta gangara gida. Kubra ba ta daina ba.

Wata Laraba cikin watan Agusta, Kubra ta gama ɗinka wa Salma sabuwar riga, rawaya mai ƙananan furanni. Yarinyar ta kafe sai da ita za ta Islamiyya.

"Umma, Malama zan nuna wa. Ba zan ɓata ba, wallahi."

"Sarkin gayu! To sa hijabi a kai, ki wuce."

Da la'asar gari ya yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kubra ta idar da salla, ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da ni'imar damina. Sannan ta fita ta zazzage buhu uku a lambatu. Hankalinta kwance yake, don ta san malamai ba sa sakin yara sai ruwa ya tsagaita.

Haka kuwa aka yi, sai da ya koma yayyafi aka tashe su. Amma kwalbatin ya toshe. Ruwa ya taru ya yi zurfi, ya haura ta sama, ja wur, ba a ganin inda siminti ya ƙare. Salma ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare rigarta don kada ta jiƙe, ta taka inda ta saba takawa. Ƙafarta ta zame daga gefe.

Mama Loyis ce ta gani daga ƙofar gida. Ta ƙwalla ihu, ta faɗa ruwan har ƙugu tana lalube, ba ta kamo komai ba. Ɗanta Badung da mazan layin suka shigo da shebur da hannuwansu, suna yaƙulo abin da ya toshe bakin kwalbatin suna jefowa waje.

Lokacin da Kubra ta iso a guje, ba takalmi ba mayafi, an riga an fito da Salma. Mama Loyis ta kwance gyalenta ta lulluɓe ta. Babu wanda ya iya ɗaga ido.

A gefe ga tulin sharar da aka ciro. Kubra ta durƙusa, idonta ya sauka a kan wani ƙyalle rawaya mai ƙananan furanni. Ta san shi. Da safiyar nan almakashinta ya fitar da shi daga wuyan rigar.

A zaman makoki kowa haƙuri yake ba ta, ana cewa kwana ne ya ƙare. Ta yarda da ƙaddara, ba ta yi musu ba. Ran uku Mama Loyis ta zo ta zauna kusa da ita a kan tabarma, ta riƙe hannunta.

"Mama, kin gaya mini," in ji Kubra, murya can ƙasa.

"Yi shiru, 'yata. Ba ke kaɗai kika zuba ba."

"Amma nawa na gani."

Yanzu duk ranar da hadari ya haɗu, za ka ga Kubra ta gangara da manjagara tana share bakin kwalbatin. Har yau yara suna bi ta wajen.

'Yan uwa, ruwan sama kyauta ce daga Allah, ba mai kwasar shara ba ne. Godiyar da muka yi da baki, mu cika ta da hannu: mu kai shara inda ya dace, domin abin da muka zuba a lambatu ba ɓacewa yake ba, a hanyar 'ya'yanmu yake tsayawa.