Tabarmar Baba Ɗanjuma

Tun da aka sa wa Baba Ɗanjuma batir a zuciya, kullum da hantsi sai ya kwanta a tabarmar caji. Wutarta ba yawa, kuma duk abin da aka ɗora mata sai ta raba da shi.

Yau 'yan dubiya suka cika ɗakin. Kowa ya gaida shi, ya ajiye waya kusa da ƙafarsa, kamar yadda aka saba.

'Yarsa Talatu ta ga numfashinsa na sarƙewa. Ta raɗa masa, "Baba, bari in kwashe wayoyin nan."

Ya riƙe hannunta a gajiye. "Ke, a gidana za a hana baƙo wuta?"

Wani ya leƙo da waya a hannu. "Akwai sauran wuri?"

Baba ya janye ƙafarsa.