Gwangwanin Wake a Sikelin Baturiya

Ƙarfe biyu na rana abin ya fara, a ɗakin koyon girki na makarantarmu a Haɗeja, zamanin Turawa. Baturiyar da ke koyar da mu ta rubuta a allo cewa gwangwani ɗaya na dafaffen wake oza shida ne. Sau uku na auna nawa, oza takwas nake samu, shi na rubuta.

Ta ce danna sikelin na yi da yatsa. A gaban aji ta kira ni maƙaryaciya, ta yage shafin daga littafina da ko ɗigon tawada babu. Har yau in na tuna ƙarar takardar nan, zuciyata tafasa take yi.

Da la'asar na tarar da Inna tana gyaran kifi, na faɗa mata.

Ta ce, "Kin sa kanwa a waken?"

Na ce, "Yadda kika koya mini."

Ta ce, "To naki ya nuna ya kwanta, shi ya sa ya fi nauyi. Nata tsaye yake, rabin gwangwanin iska ce. Wadda ba ta iya dafa wake ba ce za ta ƙaryata mini 'ya?"