Sunan da Inna Ba Ta Kamawa

Warin fenti ne ya fara tarbarmu a ɗakin lakwal, makarantar boko ta Gaya. Wani Bafaranshe mai zane, baƙon kumandan, Baturen mulkin garin, ya rataye hotunan da ya zana a bakin gulbi, aka ce kowa ya zo ya gani kafin a tafi da su. Da la'asar Inna ta kama hannuna muka shiga.

A hotunan ga jiragen masunta, ga matan ƙauyen Tanda da tulunansu. Can a kusurwa kuwa, a wani hoton, yayana Hamidu ne zaune cikin kwalekwale yana gyaran taru. Tun damina ruwa ya ci shi, ba a ga gawarsa ba.

Shi ne ɗanta na fari, don haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane. "Yaron nan" take cewa. Ko a zaman makoki ban ga hawayenta ba.

Ta miƙa hannu, sai gardin da ke tsaron ɗakin ya ce, "Baiwar Allah, ba a taɓawa."

Ta janye hannun. Ta matsa dab da fuskar, ta ce a hankali, "Hamidu, ka rame."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ban kuma sake ji ba har ta rasu. Yau na girmi Innar wannan ranar. Hoton yana can rataye a ƙasar da ban sani ba, baƙi na wucewa ta gabansa, babu wanda ya san yadda ake kiransa.