Fitilun da Suka Kwashe Fara

Tsohuwar ta dire kwandonta wayam a gaban shugaban ƙauyensu, can gefen Masaka.

"Ɗana, dubi nan! Tun ina budurwa fara ke sauka a ciyawata, da ita nake ciyar da jikokina. Yanzu maƙwabcina ya kafa fitilu a kan gangunan kama fara. Da hasken sama fara ke saita tashinta, shi kuwa ya ruɗa ta, sai kewayawa take har ta zube a gangunansa. A kashe su!"

Shugaban ya yi dariya. "Haba Kaka, mai fiffike wa ya isa ya juya shi?"

Sai ta hango ƙafar soyayyiyar fara maƙale a gemunsa.

Ta suri kwandonta. "Share gemunka, mara kunya. Kai da ba ka da fiffike ma ya juya ka."